AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wa Ya Ɗora Zomo da Bushiya a Kan Katin Gaisuwa?

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wata mai sauraronmu a Zariya, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ta ce sana'arta ita ce yin katin gaisuwa da hannu, na Sallah da na biki da na suna, tana kuma shirya 'yan kunne da abin wuya na duwatsu. Ta ce duk sanda ta duba samfurin da masu irin wannan sana'a suke yi a ƙasashen Turai, sai ta ga dabbobi huɗu ko biyar ake ta maimaitawa: zomo, kurege, bushiya, mujiya, da wata jar dabba mai kama da dila. Shin wa ya fara wannan, kuma yaushe? A ƙarshen takardar sai ta ƙara da wani kuka. Wai wata bushiya da ta ɓata kwana uku tana zanawa, bara ta gan ta an buga a kati ana sayarwa a kasuwa, babu sunanta a jiki, babu kuma wanda ya ba ta ko sisi.

To, Malama, mun gode, kuma Allah ya sa wa sana'a albarka. Tambayarki da kukanki duk a wuri ɗaya suka haɗu, wato a labarin wata mata 'yar Ingila mai suna Beatrix Potter, wadda ita ma da katin hannu ta fara, ita ma kuma aka kwashe mata zane. Amma kafin mu kai gare ta, bari mu ɗan koma baya ki ga kasuwar da ta tarar.

Mu nan gidan rediyo in an ce katin gaisuwa, hankalinmu kan tafi ga katin Zaɓi Sonka ne, wanda ake cikawa da sunayen 'yan uwa da abokan arziki a aiko mu karanta. Wanda kike nufi kuwa, mai hoto a gaba da 'yar gaisuwa a ciki, asalin cinikinsa a Landan ne, a shekarar 1843. Abin da ya share masa hanya shi ne gyaran da aka yi wa gidan waya a 1840. Kafin wannan shekara, galibi wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biya, kuma gwargwadon nisan tafiya. Da aka yi gyara sai aka ce kwabo ɗaya tak, ko'ina a cikin ƙasa, mai aikawa ya biya ya manna kan sarki. (Na farkon ma kan sarauniya ne, Sarauniya Victoria, amma mu dai kan sarki muka sani.) Nan fa wasiƙu suka yi yawa. Wani ma'aikacin gwamnati, Henry Cole, wanda yana cikin waɗanda suka yi aikin wannan gyara, ya ga ba zai iya amsa gaisuwar Kirsimeti ɗaya bayan ɗaya ba. Sai ya sa wani mai zane, John Callcott Horsley, ya zana masa kati, aka buga guda 1,000, aka bi su da fenti da hannu, abin da ya yi saura aka sayar a kan sule ɗaya-ɗaya. Sule kuwa kwabo 12 ne, kin ga ba na talaka ba ne. Kuma babu ko dabba ɗaya a jikinsa. Hoton iyali ne a kan tebur suna ɗaga kofunan giya, har da ƙaramin yaro ana ba shi, abin da ya jawo masa suka daga masu yaƙi da shan barasa.

Sai a 1870, da aka rage kuɗin aika kati zuwa sisin kwabo, ga kuma buga launi ya yi araha, musamman a maɗaba'un Jamus, sannan kati ya zama na kowa. A nan dabbobi suka yawaita a jikin kati. Na gaba-gaba shi ne wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da suke kira robin. Ma'aikatan raba wasiƙu na wancan zamani jar kwat suke sawa, har aka yi musu laƙabi da sunan tsuntsun, don haka masu zane suka riƙa yin sa ɗauke da ambulan a baki. Amma kada ki ɗauka duk hotunan na ban sha'awa ne. A wajejen 1880 akwai katunan da aka buga da hoton mataccen tsuntsu kwance ƙafafu a sama, a ƙasa kuma an rubuta fatan alheri, kuma mutane suka saya suka aika wa masoyansu! Har yau ana ajiye da irinsu a gidajen tarihi.

Ta fannin kayan ado ma abin ya fi haka. A 1865 wani maƙerin zinariya a Landan, Harry Emanuel, ya yi rajistar dabarar ɗaukar kan wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai sheƙi da ake kamowa daga Kudancin Amurka, kan gaske fa, da gashinsa, a ɗaura masa zinariya a yi 'yan kunne ko abin wuya. Wasu da ƙwaro mai walƙiya suke yi. Masu farauta kuma sukan sa a sassaƙa kan yanyawa, wato jar dabbar nan da kika ce ta yi kama da dila, a bayan wani dutse mai haske kamar gilashi, a yi masa fenti, a maƙala a gaban riga. Hulunan mata kuwa, fuka-fukai ne har da tsuntsu sukutum. Ɓarnar ta yi yawa har wata mata, Emily Williamson, ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a Manchester a 1889, kuma mata ne zalla suka fara ta. Sai da suka yi shekara 32 suna fama kafin majalisa ta yi dokar hana shigo da irin waɗannan fuka-fukai a 1921. Wato dai a wancan lokaci dabbar daji a jikin kayan ado, ko dai gawa ce, ko abin da mafarauci ya yi alfahari da shi.

A cikin wannan zamani Beatrix Potter ta tashi. An haife ta a Landan ran 28 ga Yuli, 1866, a gidan masu hali, dukiyar kakanninta daga masaƙun auduga ta fito. Ba a sa ta makaranta ba, malamai mata ake ɗauka suna koya mata a gida, kuma ba ta da abokan wasa sai ƙanenta Bertram. Su biyun suka mai da ɗakin karatunsu kamar gidan dabbobi: zomaye, ɓeraye, bushiya, jemage, ƙadangare, kwaɗi. Lokacin hutu iyayensu kan kai su ƙauye, da fari a Sikotilan, daga 1882 kuma a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila. In dabba ta mutu, sai su dafa ta har nama ya zube, su jera ƙasusuwan su zana. Na san wani zai ce wannan ai ƙazanta ce. To, amma a nan sirrin yake. Zomon da ta zana, ko ta sa masa riga, in ka duba ƙafar baya da yadda kunne ya kwanta, ka san wanda ya zana shi ya taɓa riƙe zomo a hannu. Na tuna lokacin da muke makarantar horon malamai aka sa mu zana dabbobi a kwali don kayan koyarwa, zomon da yawancinmu muka yi, in ba don dogon kunne ba, da kyanwa za a ce.

A Kirsimetin 1889 ta yi wa dangi katuna da hannunta, da hoton zomonta mai suna Benjamin Bouncer. Mijin gwaggonta, Sir Henry Roscoe, wani shahararren masanin kimiyya, ya gani ya ce ai wannan kamfani zai saya. Daidai lokacin kuwa ita da ƙanenta suna son sayen wani ƙaramin injin buga takardu na fam 16, kuɗinsu kuma ya gaza da fam 6. Sai ta zana samfuri shida a 1890, suka fara aikawa kamfanoni. Na farko ya dawo da su. Wani kamfani mai suna Hildesheimer da Faulkner kuwa ya aiko da cakin kuɗi wuri na gugar wuri har fam 6, ya ce kuma a ƙaro wasu. Tana da shekara 23 ke nan, kuma wannan ne kuɗin farko da hannunta ya samo mata. Don murna ta cika wa zomon kofi da 'ya'yan wiwi, waɗanda a can ake sayarwa a matsayin abincin tsuntsaye. Washegari da ta zo zana shi, sai ta tarar gogan naku ya bugu, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ita da kanta ta rubuta wannan a littafin sirrinta, wanda ta riƙa rubutawa da wasu alamomi na ƙirƙirarta, ba a kuma gano yadda ake karanta shi ba sai a 1958, shekara 15 bayan rasuwarta.

Ki lura da abu ɗaya, Malama. Kamfanin ya buga zanen a katuna, ya kuma sa su a wani ɗan littafi, amma abin da ya fito na sunanta haruffa uku ne kawai, H.B.P. Fam 6 ɗin nan kuma shi ke nan, ko kati nawa aka sayar ba ta da ƙari. Ba a daɗe ba ta fara wayewa. A 1894 da wani kamfani, Ernest Nister, ya nemi sayen zanenta na kwaɗo a farashin da bai yi mata ba, sai ta tsaya ciniki ta wasiƙa har suka ƙara.

Ba zane kaɗai ta sa a gaba ba. Ta yi shekaru tana nazarin laimar kwaɗi da madubin likita, har ta rubuta takarda da aka gabatar a wata ƙungiyar masana a Landan a 1897, amma wani namiji ne ya kai mata, don ba a yarda mace ta shiga zauren ba. Da wannan ƙofa ta ƙi buɗuwa sai ta koma ga zomonta. Tun ran 4 ga Satumba, 1893, ta taɓa rubuta wa wani yaro ɗan shekara 5, ɗan tsohuwar malamarta, wasiƙa mai hotuna lokacin da yake kwance ba lafiya, da labarin wani zomo mara jin magana mai suna Peter. Ta aro wasiƙar ta mai da ita littafi. Kamfanoni aƙalla shida suka ƙi karɓa. Sai ta ciro kuɗinta ta buga guda 250 a Disambar 1901. Kamfanin Frederick Warne kuma ya karɓa ya fito da shi da launi a Oktobar 1902, kuma kafin shekarar ta ƙare an buga guda 28,000. A 1903 ta fito da labarin jan kurege, a 1905 na bushiya mai wanki da guga. Mujiya tana cikin labarin kuregen, yanyawa kuma ta fito a wasu littattafan na baya. Kin ga dabbobin da kika lissafa ke nan cif.

Ba zan ce miki ita ce ta fara sa dabba a kati ba, don kin ji akwai su kafin ta. Amma a ganina ita ce ta sa waɗannan 'yan dabbobin kurmi suka zauna daram, rayayyu, kowace da halinta, har yara suka girma da su suka haifi nasu yaran suka saya musu.

Yanzu ga inda labarinta ya zo daidai da kukanki. Ofishin kamfanin Warne na New York ya yi sakaci bai yi rajistar haƙƙin mallakar littafin Peter a Amurka ba, alhali dokar can a lokacin sai da rajista. Nan da nan maɗaba'un Amurka suka shiga bugawa, wasu da hotunanta, wasu da kwaikwayonsu, ba tare da ta sami ko kwabo ba, kuma babu kotun da za ta kai ƙara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan hasara ba ta taɓa dawowa ba har ta bar duniya.

Abin da ta yi bayan haka shi ne abin dubawa. Ta ji ana sayar da 'yar tsanar zomo mai kama da nata a kantunan Landan, sai ta zauna ta ɗinka tata da hannu, ta ciro gashin burushi ta yi masa gashin baki, ta sa dalma a ƙafafu don ya tsaya da kansa, ta kai ofishin rajista aka ba ta takarda ran 28 ga Disamba, 1903. Daga nan duk wanda ke son sa zomonta a kofin shayi, ko hankici, ko takalmin yara, ko takardar manna wa bango, sai da izini da biyan kaso, kuma sai ta ga samfuri ta yarda. In an lalata kamannin dabbar, ta ce a sake. Masu tarihin ciniki suna lissafa zomon nan cikin na farko-farkon taurarin littafi da aka yi wa irin wannan rajista.

Da kuɗin littattafai da ɗan gadon da ta samu ta sayi gonar Hill Top a ƙauyen Near Sawrey a 1905, a shekarar da saurayinta Norman Warne ya rasu wata ɗaya bayan sun yi alkawarin aure. Ta ci gaba da sayen gonaki, ta zama makiyayiyar tumaki sosai, ta auri wani lauya, William Heelis, a 1913. Katin gaisuwa kuwa ba ta bar shi ba. Daga 1925 zuwa 1941 ta riƙa zana wa wata ƙungiyar taimakon yara marasa lafiya katunan Kirsimeti don a sayar a tara musu kuɗi. Da ta rasu ran 22 ga Disamba, 1943, ta bar wa hukumar National Trust mai kula da wuraren tarihi fili fiye da eka 4,000 da gonaki fiye da goma, don kada a yanka su a yi gine-gine. A 2016, cikar shekara 150 da haihuwarta, aka buga zomon da kuregen da bushiyar a jikin kuɗin ƙarfe na Ingila. Wani abin tausayi, jan kuregen da ta zana yanzu ya yi ƙaranci ƙwarai a Ingila, domin wani mai launin toka da aka shigo da shi daga Amurka tun 1876 ya mamaye masa kurmi.

Kayan ado kuma fa? Bayan an daina rataya gawa, sai da abin yi ya yi araha sannan masu aikin hannu irinki suka samu shiga. A Faris wata mata, Lea Stein, tare da mijinta, daga 1969 suka riƙa jera siraran fallayen roba launi-launi, su gasa su, su yanka, su lanƙwasa su zama abin maƙalawa a riga, kuma yanyawa mai dogon wutsiya ita ce ta fi fito da sunanta. A Jamus kuma wata mata, 'yar wata shahararriyar mai yin 'yar tsana, ta sarrafa wani irin yumɓun roba da ake murzawa da hannu a gasa a tanderun gida, wanda aka fara sayarwa da sunan FIMO a 1966. Da yawa daga cikin 'yan kunnen bushiya da mujiya da kike gani a wayarki da irin wannan yumɓu ake yin su, a kan teburin ɗaki, ba a masana'anta ba.

Game da bushiyarki da aka kwashe, ki sani kin fi Beatrix Potter gata ta wani fanni. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ba ta ce sai kin yi rajista kafin zane ya zama naki ba. Da zarar kin zana shi a takarda, naki ne. Wahalar ita ce shaida. Saboda haka ki riƙa sa sunanki cikakke da shekara a jikin zanen kansa, ba a gefen da almakashi zai cire ba, ki adana takardun gwajin farko, in kuma za ki kai aiki maɗaba'a ku rubuta yarjejeniya a kan guda nawa za a buga da wanda ya mallaki zanen. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa tana karɓar bayanin aiki ta ajiye, tana kuma sauraron ƙorafi. Ke ma kuma ki kiyaye na wasu. Hotunan Beatrix Potter sun fita daga kariyar haƙƙin mallaka a Ingila tun farkon 2014, shekara 70 bayan rasuwarta, amma sunan zomon har yanzu alamar ciniki ce ta kamfani.

Ni dai da za ki ji tawa, ba sai kin bi su kurminsu ba. Su dabbobin bayan gidansu suka zana. Kuregensu a kan itace yake, namu kuwa mai rami ne, kuma duk yaron da ya taɓa zama gindin kaka ya san wayonsa. Ga dila malamin daji, ga zabuwa da zanen jikinta, ga kunkuru, ga hawainiya, ga Gizo da Ƙoƙi. Batun hukuncin zana abu mai rai kuwa, wanda na san wasu masu sauraro za su rubuto a kai, wannan fagen malamai ne, kuma Zariya ba ta rasa su ba.

Katin da kika haɗo a cikin ambulan ya iso lafiya, sai dai duwatsu biyu daga cikin na idon bushiyar da na hancinta sun ɓalle a hanya, alamar gam ɗin bai kama ba. Yana nan a kan teburina, abokan aiki sai ɗauka suke suna dubawa, har wata ta ce in tambaye ki nawa kike yin guda 50 na suna. Ki aiko mana da amsa, za mu miƙa mata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu ɗauki tambayar wani mai sauraro daga Maraɗi a kan asalin kan sarki a ƙasashenmu. Wassalam.